Jinginar Gonar Mato

Motar a-kori-kura ce ta fara ɓata wa Mato rai. Ta shigo layinsu a Kutama da hantsi, ta wuce ƙofar gidansa ko rage gudu ba ta yi ba, ta je ta ci burki a ƙofar ƙaninsa Taufiq. Buhunan takin zamani ne jibge a bayanta, farare fes, har guda goma.

Mato yana zaune a dakali yana gyaran ƙotar fartanya. Ya yi kamar bai gani ba, amma duk buhun da aka dire sai ya ji shi a ƙirjinsa.

Matarsa Uwaliya ta leƙo daga zaure. "Baban Asiya, ka ga abin arziki? Matar Taufiq ta ce ko sisi bai bayar ba. Wai sai kaka."

"Na tambaye ki?"

"A'a. Na ga dai kai ne babba."

Ta koma ciki ta bar shi da maganar. Shi ne babba kuwa. Shi ya koya wa Taufiq riƙon fartanya, shi ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta. Da mahaifinsu ya rasu aka raba musu gonar bakin rafi gida biyu, aka dasa layin gamba a tsakani don ya zama iyaka. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma bara masarar Taufiq ta fi tsawon mutum, ta Mato kuwa ta tsaya rawaya-rawaya iya ƙugu. Masu wucewa har tsayawa suke su nuna, su ce, "Ta ƙaramin ce waccan?"

Ya jefar da fartanyar, ya tada babur, sai Gwarzo.

Malam Sharfaddeen mai shagon taki ya amsa gaisuwarsa da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Da Mato ya faɗi abin da ya kawo shi, sai fara'ar ta ragu.

"Malam Mato, bara waccan ka ɗauki buhu biyu. Na ɗaya ka biya. Ɗayan fa?"

"Ai ban ce ba zan biya ba."

"Ba ka ce ba. Ka dai daina bi ta gaban shagona, sai ta bayan tasha."

Mutanen da ke zaune a benci suka sunkuyar da kai suna murmushi. Mato ya ɗaga murya.

"Amma yaron da na goya ka loda wa mota guda, ba jingina, ba shaida."

"Taufiq ranar da ya sayar da masara, kafin ya isa gida yake biyowa ta nan. Ni ma kamfani ne ke ba ni kayan nan, kuma ba ya jin uzuri. Ka share na baya, sai mu yi magana."

Mato bai yi sallama ba. Maimakon ya juya gida, sai ya miƙe hanyar Kabo, don kowa a yankin ya san akwai mutum ɗaya da ba ya cewa a'a.

Alhaji Hambali yana da sito uku na hatsi da ɗaki mai darduma har bango. Kafin Mato ya gama zama an dire masa lemo mai sanyi. Alhaji ya saurare shi yana jan carbi, yana girgiza kai.

"Kai, mutane ba su san girma ba. Nawa aka ba ƙanin naka?"

"Goma."

"To kai da kake wa, sha biyar ya dace da kai."

Mato ya ji wani sanyi ya ratsa shi wanda ba na lemon ba ne.

"Ni ba na cin kuɗin ruwa, Allah Ya kiyaye," in ji Alhaji. "Ciniki muke yi. Kowane buhun taki, buhu uku na masara da kaka. Buhunan awo ni zan kawo nawa. In masara ta cika, shi ke nan, mun rabu lafiya. In ta gaza, gonarka ta bakin rafi ta zauna a hannuna jingina har ranar da ka cika."

Mato ya san buhunan Alhaji Hambali. Sai ƙarti biyu suke ɗaga ɗaya. Ya kuma san mutum biyu a ƙauyen Jama'a da suka yi irin wannan ciniki, yanzu ƙwadago suke yi a gonakin da suka gada. Duk ya sani. Amma abin da idonsa ke gani shi ne mota a ƙofar gidansa, ana sauke buhu, ana wuce goma, Taufiq yana tsaye yana kallo.

"Na yarda," ya ce.

Da ya faɗa wa Uwaliya, muciya ce ta suɓuce mata cikin tukunya.

"Gonar Baba? Wurin Hambali? Wallahi ni tsokanarka nake yi ɗazu!"

"Ke kika ce ni ne babba."

"Babba da gona nake nufi, ba babba mai ƙwadago ba. Me yaran nan za su ci in ta tafi?"

"Ba za ta tafi ba. Bana sai an tsaya an nuna tawa."

Ranar da aka sa, Alhaji Hambali ya iso da mota cike da taki, aka tsayar da ita a bakin gona inda duk mai zuwa rafi zai gani. Mato ya so a sauke nan take, amma mai unguwa, wanda aka kira ya yi shaida, ya ɗaga sanda.

"Ba a jinginar gona sai an zaga iyaka, kuma sai maƙwabcin iyaka yana tsaye. A kira Taufiq."

Wannan Mato bai lissafa da shi ba. Taufiq ya iso yana haki, ƙafarsa duk taɓo. Ya durƙusa ya gaida manya, sannan ya ja yayansa gefe.

"Yaya, don Allah kar ka yi. Ɗauki huɗu cikin nawa, in an yi kaka ka ba Malam Sharfaddeen kuɗinsu ta hannuna."

"Ta hannunka." Mato ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yau kuma kai za ka tsaya min? Sadaka ce ko zakka?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Riƙe abinka. Nawa sun fi naka yawa."

Aka fara zagaye. Mai unguwa a gaba yana nuna iyaka da sanda, daga tsamiya zuwa bakin rafi, daga rafi zuwa layin gamba. Alhaji Hambali ya tattare babbar riga, ya bar mai gonar a baya, ya jera da Taufiq. Sai yabon kunyoyinsa yake yi, yana tambayarsa irin da ya shuka. Mato yana biye, yana jin komai, yana cizon leɓe. Ko a ranar tasa ma Taufiq ake kallo.

Da suka iso gambar, Alhaji ya tsaya ya shafa ganyenta, ya rage murya, amma iska ta kawo wa Mato maganar tsaf.

"Ka san ni ba manomi ba ne, Malam Taufiq. Duk gonar da ta zo hannuna haya nake bayarwa, kuma ba na ba kowa sai mai cika alkawari. Baɗi war haka sai a tuge gambar nan, tarakta ta shiga sau ɗaya ta yi maka duka. Ai ƙasar ubanku ce, gara ta zauna a gida."

Taufiq ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. "Alhaji, ni ban..."

Amma mai unguwa ya riga ya kira su ƙarƙashin tsamiya. Ya maimaita sharuɗɗan da ƙarfi, ya tambayi Alhaji, Alhaji ya ce haka ne. Mai unguwa ya ɗaga hannu. "To, a shafa Fatiha, magana ta ƙullu."

Hannaye suka tashi, ban da na Mato. Shi gonarsa yake kallo, kuma ba takin da ke cikin mota yake gani ba. Masara yake gani, doguwa, kore shar, ta mamaye tun daga tsamiya har rafi ba gamba a tsakani, masu wucewa suna tsayawa suna cewa, "Duk ta ƙaramin ce."

"Mato," in ji mai unguwa, "kai muke jira."

"Baɗi war haka," Mato ya ce a hankali. Ya juya ga Alhaji. "Ban ko zuba takin ba, har ka san wanda zai noma gonata baɗi?"

"Haba, Malam Mato, zance ne kawai."

"Kai kuma," ya nuna Taufiq da yatsa, "tun yaushe kuka shirya?"

"Wallahi Yaya, yau na fara magana da mutumin nan!"

"Ko ka shirya ko ba ka shirya ba, ƙafarka ba za ta taka kunyata ba. Gara ta kwana ba taki. Gara ta fito da ƙaya. Na fasa!"

Fuskar Alhaji Hambali ta sauya, carbin ya shige aljihu. "Ka fasa? Na ɗauko mota tun daga Kabo, ka tara min mutane, ka ce ka fasa? Mai unguwa, ka ji fa ya ce ya yarda."

Mai unguwa ya sauke hannuwansa, ya kakkaɓe riga. "Na ji. Amma ba a shafa ba, Alhaji. Abin da ba a shafa wa Fatiha ba, hira ce."

Motar ta juya da takinta, tana watsa taɓo. Taufiq ya matso idonsa ya ciko da hawaye, ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya." Mato ya ɗauke kai ya wuce, don har a ransa bai ga abin godiya ba. Gonarsa tana nan, amma ko ƙwayar taki ba shi da ita, kuma hadari yana ta haɗuwa a gabas.

Ragon da Uwaliya ke turke da shi don layya shi ya tafi kasuwa. Ba ta yi gardama ba, ita ta kwance igiyar ma. Da kuɗin a hannu, Mato ya shiga shagon Malam Sharfaddeen ta ƙofar gaba, ya biya buhun bara waccan a gaban 'yan benci.

"Madalla," in ji mai shagon. "Yanzu ka zama mutumina."

"To a loda min goma."

Malam Sharfaddeen ya yi dariya har da buga cinya. "Ba haka ake hawa ba. Ka ɗauki kaɗan bana, ka biya da wuri, baɗi in ƙara. Taufiq ma da awo ya fara, ba da buhu ba."

Mato ya kalli tarin buhunan da suka kai rufi.

"Da tiya nawa ya fara?"

"Biyar."

"Auna min shida."

Aka auna masa a ƙaramin buhu, ya ɗaure a bayan babur. Da ya iso Kutama bai bi layinsu ba, don sai ya wuce ƙofar Taufiq. Ya zaga ta bayan makaranta, ya nufi gona kai tsaye kafin ruwa ya sauko.