A-kori-kurar Chanta ta ƙi tashi

Chanta, dillalin tafarnuwa a wani ƙauye kusa da garin Lamphun, ya rasu ya bar wasiyya ɗaya tak: a kai shi wurin ƙona gawa a bayan a-kori-kurarsa. 'Yarsa Buaphan ya faɗa wa, ita kuma ta ce to. Ranar da za a kai shi, hantsi ya yi motar tana ƙarƙashin rumfa, bonet a ɗage, ta ƙi tashi.

Datsun ce, ƙirar 620, irin waɗanda suka cika hanyoyin arewacin ƙasar tun Buaphan ba ta shiga makaranta ba. Tun da ciwo ya kwantar da Chanta ba wanda ya murɗa makullinta. An canza batir, an zuba sabon mai, an tura ta har bakin titi an dawo da ita. Tari biyu ta yi ta yi shiru. Inkham, tsohon bakanike kuma abokin marigayin, wanda kowa ke kira Lung, wato kawu, ya ce kik ɗin tayar da inji ne ya mutu, shi ya sa aka buga wa Thawin, yayan Buaphan, waya tun jiya ya taho da sabo daga Bangkok.

Buaphan ta kasa zama wuri ɗaya. Ta leƙa madafa inda mata ke kwashe shinkafa mai danƙo, ta dawo rumfa, ta je ta gyara furannin da ke kan akwatin gawar, ta sake dawowa. Malaman haikali sun ce bayan cin abincin rana za su zo, kuma ba a ajiye su a tsaye.

Da Thawin ya iso, ya kwance kwalin kik ɗin ya miƙa. Inkham ya juya ƙarfen a hannu, ya dube shi ta saman tabarau.

"Wannan na wace mota ce?"

"Na motar Baba mana, Lung. Datsun 620, mai fetur. Ga shi nan a jikinta, 1500."

"A jikinta! To rigar da ke jikinka ita ce kai? Tun kana tsere wa makaranta na cire injin fetur ɗin nan. Na 720 na sa masa, mai gas."

"Ai da sai ka faɗa a waya."

"Ca nake ɗansa ne kai."

Maƙwabtan da suka zo zaman makoki sun riga sun kewaye motar, kowa da nasa tarihin. Wani ya ce da aka sayo ta gajeren baya gare ta, Chanta ne ya ɗora mata dogo shekarar da tafarnuwa ta yi kuɗi. Wata tsohuwa ta rantse ja ce da farko. Wani ya ce kujerar ta 521 ce, wadda ta riga ta fitowa, don shi ya taya ɗaukowa daga wata da ta kife a hanyar garin Li. Aka yi gardama a kan ƙofar hagu, aka kasa rabewa. A ƙarshe abin da kowa ya yarda na asali ne bai wuce fitilu huɗun gaba ba, da ɗigon farin gari da wani malami ya shafa a rufin ciki ranar da aka yi mata addu'a.

Inkham ya hau babur ya tafi wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Thawin ya ja ƙanwarsa gefe.

"Keken ɗaukar gawa na haikali yana nan a ƙofa. Ga tawa motar, sabuwa. Ki zaɓi ɗaya."

"Ba da kai ya yi maganar ba, Yaya."

"Mutane na kallonmu. Gawa a ɗaki, mu muna kwance a ƙarƙashin mota."

"Kai ba ka ko durƙusa ba."

Ta bar shi a tsaye ta fita bakin hanya tana duban inda Inkham zai ɓullo.

Da Inkham ya dawo da kik ɗin 720, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Aka ji ƙarar sifana, aka ji tsaki, sannan shiru. Ya fito a hankali, fuskarsa duk baƙin mai.

"Ramukan kusoshin ba su hau ba."

"To, Lung, wannan kuma wa ya faɗa maka a waya?" in ji Thawin.

Inkham ya leƙa ƙarƙashin bonet. Ya haska fitilar hannu cikin injin ya daɗe yana kallo.

"Ba injina ba ne wannan. Na wata ƙaramar babbar mota ne. Ashe ya kai ta wani gareji a bayan idona." Ya juya wajen ɗakin da gawar take. "Chanta, tsohon munafuki! Kullum muna shan gahawa tare, ba ka taɓa faɗa ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya san garejin, babu kuma lokacin nemansa, don malamai huɗu sun shigo farfajiyar cikin mayafansu ruwan lemo.

Aka yi addu'a. Maza suka fito da akwatin, da ɗan gidan katako da takarda da ake kifawa a kansa, suka nufi keken haikali. Wani dattijo yana warware doguwar igiyar da jama'a ke jan keken da ita, da farin zaren da babban malami zai riƙe a gaba. Buaphan ta tsaya tana kallon igiyar.

"Ku dakata," ta ce. "Lung, keken nan inji gare shi?"

"Ina ya ga inji?"

"To, a ɗaura igiyar a motar."

Thawin ya buɗe baki zai yi musu. Babban malamin ya dubi motar, ya dubi keken, ya ce shi dai zare zai riƙe, abin da ke bayansa na iyali ne.

Akwatin ya zauna daidai cikin dogon bayan, har aka rufe ƙofar. Inkham ya ƙi yarda a ɗaura igiyar a bamba, ya ce bai san ta wace mota ba ce, ya ɗaura ta a ƙarfen ƙasa. Buaphan ta shiga ta riƙe sitiyari. Jama'a suka jeru a igiya, Thawin a cikinsu da takalman birni. Aka ja, ƙarafan motar suka yi ƙara, ta motsa.

Har suka fita ƙauyen babu abin da ya faru. Bayan gonakin akwai gangare kafin gada, kuma sai da igiyar ta saki ta kwanta a ƙasa sannan Buaphan ta tuna ba wanda ya gwada birki. Motar ta fara bin mutane da kanta. Tsofaffi ne a layin baya, ba su waiwayo ba. Buaphan ta taka birkin, ƙafarta ta nutse. Ta ɗaga ta sake takawa, ta sake, sai ƙarfe ya kama da ƙugi, motar ta rage gudu, igiyar ta sake miƙewa.

Inkham, wanda ke tafe a gefen taga yana haki, ya bugi ƙofar da tafin hannu.

"Birkin nan dai ni na sa shi," ya ce.

Buaphan ta ƙara riƙe sitiyari. Ƙafarta na kan birkin har suka haye gadar.