Kada A Kashe

Ina shiga falon na ga talabijin ta yi baƙi. Jar fitilar da ke gaban akwatin gem, wato wasan bidiyo, ita ma ta mutu. A soket ɗin da ya kwana tara riƙe da wayarmu, an cusa wayar wani farin inji mai huci.

"Wa ya cire?" na ce.

Matar da ke durƙushe tana warware tiyo ta ɗago kai. Marlene ce, 'yar Koci Dudek. Da safen nan ta iso daga Tucson.

"Kai ne Wendell? Ni na cire. Injin numfashinsa ne, kuma soket ɗaya ne kusa da kujerar."

"Akwai rubutu a jiki."

"Na gani. Ban taɓa makunnin ba ai."

Salatif na nan manne a kan makunnin akwatin, da rubutun Koci: KADA A KASHE. Shi kuwa yana barci a kujerarsa, baki buɗe, tiyo a hanci.

Bango ɗaya ya raba gidanmu da nasa. Shekara ashirin da shida ya yi yana horar da 'yan ƙwallon sakandarenmu, ƙwallon nan tamu ta Amurka da ake runguma a ruga da ita. Kafin in shiga makarantar ya yi ritaya. Ni na gama a watan Yunin 1990, na samu wankin mota da safe, da yamma ba ni da wurin zuwa. Da ciwon huhunsa ya yi tsanani mahaifiyata ta fara aikena da miya. Ban iya hira ba, shi ma haka. Sai na kai gem ɗina na jona a talabijinsa don kada shirun ya yi yawa.

Mako guda ya yi yana zagin kaset ɗin.

"Ƙirga min 'yan wasan. Tara? Ina sauran biyun, sun tafi coci?"

"Haka aka yi shi, Koci."

"Dabara huɗu kacal, biyu gudu, biyu jifa. Ba alƙalin wasa, ba iska, ba taɓo. Kowa fuskarsa ɗaya kamar gwangwanin wake. Kuma dubi wannan shirmen." Ya nuna allon zaɓen dabara. "Agogo ya tsaya cak sai ka zaɓa. A fili daƙiƙa ashirin da biyar gare ka, jama'a na zagin uwarka. Wannan kuwa ko shekara za ka yi yana jiranka."

Abu ɗaya ya rufe masa baki. A gem ɗin, idan masu tsaro suka canki dabarar da abokan hamayya suka zaɓa, gaba ɗaya suke afka musu kafin su motsa. Ran da ya ga haka sai ya gyara zama.

"To. Wannan kam ƙwallo ce. Ka san abin da ke cikin kan ɗan'uwanka kafin shi ya sani."

Daga nan muka raba aiki. Hannunsa na rawa, don haka shi ke kiran dabara, ni ke danna maɓallai. Ya zaɓi masu koriyar riga, kalar makarantarmu, waɗanda duk kaset ɗin babu masu nauyin jiki kamarsu. Mai gudunsu ya sa masa suna Leszek, sunan wansa da ya rasu. Na ce mu ɗauki masu jar riga, suna da wani da duk yaran unguwa ke kira Jirgi, ba a kamo shi.

"Da Jirgi ko kakata ta ci kofi," ya ce.

Wasa goma sha biyu ne zuwa kofi. Akwatin ba ya riƙe komai, da an kashe shi ya manta da kai. Bayan kowace nasara yakan ba da lambar sirri mai harafi goma, wadda za ka shigar ka ci gaba daga inda ka tsaya. Sau ɗaya Koci ya rubuta sifiri a matsayin O, muka yi asarar wasa huɗu. Tun ranar ya manna salatif. Mun ci goma sha ɗaya. Na ƙarshen ya ce sai Asabar, don ba a wasan kofi a tsakiyar mako.

Ranar Alhamis ce Marlene ta cire wayar.

Na yi mata bayani a kicin, a tsaye. Ta saurara tana murza kofin gahawa a hannu.

"Wasan yara ne fa," ta ce.



Ta kalli taga. "Ina 'yar shekara goma sha biyu ya kai 'yan wasansa wasan ƙarshe na jiha. Da maki ɗaya aka cinye su. Wata guda bai yi magana a teburin abinci ba." Ta ajiye kofin. "Nas ta ce kwanaki ne, Wendell. Ba makonni ba. Ka yi wani abu."

Koci ya rubuta lambar nasara ta goma sha ɗaya a jikin kalanda, ni kuwa ban kwafa ba, na dogara da salatif. Na ɗauke akwatin da kalandar na kai ɗakina, Marlene ta ce masa ana goge ƙura ne. Rubutun kamar tsutsa ta bi ta cikin tawada. Zagaye uku, ko sifiri ko O. Wani abu ko 8 ko B. Biyun ƙarshe ba su yi kama da komai ba. Yammacin Alhamis da duk yinin Juma'a ina gwadawa, ko wurin wankin mota ban je ba. Duk wadda na shigar sai akwatin ya yi ƙara ɗaya ya goge.

Akwai lambar da na haddace tun bara: wasan kofi, da masu jar riga. Safiyar Asabar na mayar da akwatin, na jona shi a soket ɗin bakin ƙofa, na shigar da lambar, na murɗa makunnin kala na talabijin har komai ya koma toka-toka. Sunan ƙungiya da ƙananan haruffa yake a saman allo, kuma tabaran Koci na cikin aljihun Marlene.

Ƙarfe biyu ta tashe shi. Ta sa masa tsohuwar hularsa koriya.

"Me ya sami kalar?"

"Talabijin ɗin ta tsufa, Koci."

"Ni ma na tsufa, ban koma toka ba." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Mu je. Gudu na ɗaya."

Na danna. Na yi niyyar in ja shi a hankali, amma Jirgi ba shi da hankali. Ya ratsa tsakiya, mutum uku suka faɗi a bayansa, yadi tamanin babu wanda ya taɓa rigarsa. 'Yan kallon cikin akwatin suka yi shuuu. Marlene ta tafa.

Koci bai tafa ba.

Da ƙwallo ta dawo hannunmu ya ce, "Gudu na ɗaya kuma."

Wannan karon da gangan na kai shi cikin masu tsaro. Ya watsar da biyu kafin su kayar da shi.

"Tsaya," in ji Koci. Injin ya yi huci sau uku kafin ya samu numfashin ci gaba. "Leszek bai taɓa gudu haka ba. Ko ran da garejinsa ya kama da wuta, tafiya ya yi." Ya juyo da kai. "Mayar da kala, yaro."

Na tashi na murɗa. Ja wur.

"Baba, ni ce," Marlene ta ce. "Ni na cire wayar. Ni na ce ya..."

"Na sani. Na ga fitilar a mace tun Alhamis. Ina so in ga abin da za ku yi ne." Ya dube ni. "Dabarar ba laifi. Amma ka zo da ita a fuskarka, tun daga ƙofa na canke ta."

"Na gwada lambarka. Kwana biyu."

"Rubutuna ne, ko ni ba zan karanta ba. Kashe shi."

Na ɓare salatif ɗin, na kashe.

"Kunna. Masu kore. Daga farko."

"Wasa goma sha biyu ne, Koci."

"Na iya lissafi."

Marlene ta fita, ta dawo da doguwar waya daga gareji, ta jona mu a soket ɗin kicin, inda babu mai cirewa. Ta jawo kujera ta zauna da biro da bayan ambulan.

"Ni zan rubuta lambobin," ta ce.

"Ki ja wa sifiri layi a ciki," ya ce. "Uwarki ma haka take yi."

Mun ci na farko ranar, da ƙyar. Lahadi fada ya zo daga coci, ya tarar ana wasa, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu har aka tafi hutun rabin lokaci, inda muka ajiye wasan sai washegari. Litinin aka cinye mu, Koci ya ce laifin babban yatsana ne, muka sake, muka ci na biyu. Talata bai farka sosai ba. Laraba ya daina iya kiran dabara da baki, sai ya ɗaga yatsu a kan bargo: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Marlene ke duba hannun ta faɗa min, don idona na kan allo. Da haka muka ci na uku. Leszek ya yi yadi shida a gudu ɗaya, Koci ya yi wani sauti ta cikin tiyo da na ɗauka dariya ce.

Alhamis dusar ƙanƙara ta fara sauka tun hantsi. Ƙarfe uku muka shiga wasa na huɗu. Sun fi mu da maki huɗu, saura yadi biyu mu kai layin cin maki, damarmu ta ƙarshe. Allon dabara ya fito.

"Koci?"

Hannunsa na kan bargo, yatsun a dunƙule.

"Ina tunani," ya ce. Muryar ta fita sarai, fiye da duk makon.

Na jira. Motar kwashe ƙanƙara ta wuce a titi, tagogi suka yi rawa. Injin na ta hucinsa. Ban juya ba sai da na ji Marlene ta ajiye biron a kan tebur. Ta tashi, ta cire masa tiyon a hankali, ta gyara hular da ta karkace. Sannan ta sunkuya ta kashe farin injin.

Falon ya yi tsit, sai ɗan kiɗan gem ɗin da ke maimaita kansa. Na rage sautin.

Nas ta zo. Daga baya mutum biyu masu baƙar kwat suka zo da gado mai taya don ɗaukar gawar, ɗayansu ya tsallake doguwar wayar da ta ratsa daga kicin. Mahaifiyata ta leƙo ta ce in zo gida in ci abinci. Na ce ina zuwa.

Marlene ta raka su har mota, ta dawo da ƙanƙara a gashinta. Ta dubi talabijin, ta dube ni. Ta ɗauki ɓararren salatif ɗin daga gefen tebur, ta mayar da shi kan makunni, ta danne da babban yatsa.

A allo dabaru huɗu na nan a jere. Agogo na tsaye a minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu.