Kujerar Bayan Tanki

Shekara goma sha tara Baba ya yi a kan kujerar ƙarfen da aka yi wa walda a bayan tankin feshi. Tarakta na ja, shi yana zaune da famfo uku a gabansa: na fiffiken feshi na dama, na tsakiya, na hagu. In an kai ƙarshen gona ya rufe, in an juyo ya buɗe. Iska kuwa ba ta shawara da kowa, maganin ciyawar nan a fuskarsa take sauke shi. Faratansa sun yi rawaya, tari ya zame masa sallama, kafin ka gan shi ka ji shi.

Da kuɗin wannan tarin 'yarsa ta uku ta yi karatu. Shi ya kai ta kwalejin fasaha, ta karanto injinan gona, ta dawo aka ɗauke ta a garejin gonar. Kanikawa suka laƙaba mata Injiniya, suna jan sunan kamar ƙarfe a kan siminti. Ba ta taɓa tanka musu ba. Abu ɗaya ta zo yi: ta sauke ubanta daga kujerar nan.

Da ta shiga ofishin Manaja ba ta ambaci tari ba, don ta san zai ce kowa ma yana tari. Hoton ƙarshen gona ta nuna masa, inda magani ke ɗiga ya ƙone ƙasa kafin hannu ya gama murɗa famfo.

"Ranka ya daɗe, bawul uku na lantarki a madadin famfunan nan, da sabbin kawunan feshi. Direba zai kunna ya kashe daga mazauninsa."

"In bai yi ba fa?"

"Zai yi."

Manaja ya dube ta ta saman tabarau, ya sa hannu.

Kwana huɗu ta yi a ƙarƙashin injin. Ta ja waya daga batir ta bi da ita ta fiyus, ta kafa akwatin makunnai uku kusa da sitiyari, ta kwance tsofaffin kawunan feshi ashirin da huɗu ta ɗaura sabbi masu robar hana ɗiga. Bawulan ne suka rasa wurin zama. Dole su kasance kusa da tiyon da ke fitowa daga tanki, wurin kuwa kujerar ce ta cinye shi. Sai ta ɗauko injin yankan ƙarfe.

"Injiniya, gadon sarautar tsohonki za ki sare?" in ji Babban Kanike, yana goge hannu da tsumma. "Ki bari ya yi murabus tukuna mana."

Gareji ya ɗauki dariya. Ta sauke gilashin kare ido, ta danna. Minti biyu kujerar ta faɗi ƙasa, ta ture ta da ƙafa cikin tarkace. Daɗin da ta ji a ranar, ko ranar karɓar sakamako ba ta ji irinsa ba.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya juya ya tafi.

Ranar gwaji ta cika tanki da ruwa zalla, ta tara kofin awo a ƙarƙashin kowane kai minti ɗaya ɗaya. Duka suka zo daidai. Direba ya hau yana taɓa makunnai kamar mai sabuwar rediyo: ƙas, feshi ya tashi; ƙas, ya ɗauke, ko ɗigo babu. Aka mayar da Baba sharar sito. A gida Inna ta ce tarin ya ragu, amma mutumin ya daina magana a kan tabarma.

Bayan kwana goma Manaja ya aiko a kira ta gona. Ta tarar da shi da Direba da Babban Kanike, Baba kuma can gefe da tsintsiyarsa a hannu. Ba ta buƙaci bayani ba. Ciyawa ta mutu ko'ina, sai layuka kore shar, dogaye, sun miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan kamar an ja su da rula.

"Karanta mana, 'yar boko," in ji Manaja.

Ta tsuguna a bayan injin feshin ta kwance kan feshi ɗaya. Yashi ne cunkushe a ciki. Ruwan feshi daga kududdufin gonar ake zuƙo shi, sabbin kawunan kuma ƙofarsu ta fi ta dā ƙanƙanta.

"Ni gabana nake kallo," in ji Direba. "Ba ni da ido a ƙeya."

"To dā yaya ake yi?" in ji Manaja.

Kowa ya juya wajen Baba. Ya yi tari, ya ce, "In na ga ɗaya ya toshe sai in buga tanki, a tsaya, in kwance in hura da baki."

Da baki. Shekara goma sha tara, kuma a duk zanen da ta yi ba ta taɓa tambayarsa mene ne aikinsa ba. Famfo kawai ta gani.

"Ranka ya daɗe, matacin ruwa mai ƙananan ido za a ƙara, kuma a riƙa ɗebo ruwan rijiya. Kwana biyu ya ishe ni."

"Kin gama ƙare-ƙarenki a gonar nan. Abin da ake so ido ne a bayan injin, ga shi kuwa muna da shi." Ya nuna Baba da mukullin mota. "Tsoho, gobe ka koma."

"A ina zai zauna?"

"Ke za a tambaya. Ƙafa ai ba ki yanke masa ba."

"A bar ni in mayar da kujerar."

"A kan bawulan da na saya? Ki taɓa su ki gani."

Babban Kanike ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Garin gyaran gira," ya ce, bai ma ƙarasa ba.

Washegari tarakta ta shiga gona, Baba na bin ta a ƙasa, taku huɗu a bayan fiffike, daidai inda hazon maganin ya fi kauri. Dā yana sama da shi, yanzu cikinsa yake ratsawa, wandonsa jiƙe har gwiwa. In Direba ya ƙara wuta sai tsohon ya kama sassarfa. Kanikawa suka jeru a inuwar gareji suna kallo.

Injiniya ta ajiye sifana, ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta ratsa ta gabansu kanta a sama. Ba wanda zai ga hawayenta, ko da za su kwana a nan. Ta cim masa a tsakiyar gona, ta kama hannun rigarsa.

"Baba, koma inuwa. Ni zan bi ta. Ni na jawo."

Ya fizge hannunsa. Idanunsa sun yi ja, bai ko dube ta ba, kawunan feshin yake ƙirgawa.

"Kin raba ni da zama," ya ce. "Tafiyar ma sai kin ƙwace? In suka ga ke kina iyawa, me za su ajiye ni in yi? Koma garejinki, Injiniya."

Bai taɓa kiran ta da sunan nan ba sai yau. Ta tsaya cak a cikin kunya, magani na sauka a kan takalminta. Can gaba kai na bakwai ya fara tsartuwa a karkace. Baba ya ɗaga hannu yana ƙwala wa Direba kira, ƙarar injin ta shanye muryarsa, sai ya ruga da gudu.