Ciyawar Ƙarƙashin Teku

"Maido shi baya, ɗiyata, ban gani da kyau ba," in ji Inna Muna.

Nafisa ta gyara wa tsohuwar matashi, ta sake kunna hoton a salula. Ita ce malamar ilimin halittu a lise, makarantar sakandaren Filingué. Yara tana koya musu teku alhali ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne kogin Isa a Yamai. Katanga ɗaya ta raba gidanta da na Inna Muna, wadda ciwo ya kwantar tun girbin hatsi.

Damuwar Inna ba ciwon ba ce. Ɗanta Ibrah ya tafi ci-rani gaɓar Ghana, kwalekwalen masunta ya kife da shi, ba a ga gawa ba. Kowa a unguwa yana da kabarin da zai ɗora wa ɗanyen reshe, don an ce ɗanyen abu yana tasbihi, mamaci ya samu sauƙi. Ita kuwa duk Juma'a sai ta tsoma reshen dogon yaro cikin ƙwaryar ruwa, ta ce na Ibrah ne. Tana tsoron ranar da za ta tafi a rasa mai tsoma masa.

A salular, ciyawa ce shimfiɗe ƙarƙashin ruwa, kore shar, tana kaɗawa kamar gonar gero da damina. Kunkuru yana kiwo cikinta, ƙananan kifaye suna wucewa garke-garke.

"Wagga ciyawa, wa ka ba ta ruwa da rani?"

Nafisa ta yi dariya har da hawaye. "Inna, cikin ruwan take. Ba ta san rani ba."

"In kuma ɗana ya hwaɗa can ƙasa inda babu rana hwa?"

Nafisa ba ta san inda yake ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta nuna mata can zurfi, inda halittu ke kunna haske da jikinsu cikin duhu.

Inna ta daɗe ba ta ƙifta ido ba. "Subhanallahi. Duk rayayyu na?"

"Dukansu."

"Ashe yaron nan ya hi mu makwanci."

Ranar Juma'a aka kai Inna makwancinta, bayan an sauko daga masallaci. Da Nafisa ta shiga ɗakin da reshe a hannu, ta tarar Inna ta riga ta wanke ƙwaryar, ta kife ta a gefen tabarma.