Rufin da Ba Ya Yoyo

Ranar Asabar da hantsi Felix ya tsayar da keke napep ɗinsa a ƙofar gidansu da ke Jushi. Bai gama gaishe da mahaifiyarsa ba ta nuna masa wani dutse a gindin mangwaro.

"Ka zo a daidai. Ɗauki wancan ka ɗora min a kusurwar ɗakina. Jiya da iska ta taso, kwanon sai ɗagawa yake yana tafi kamar an sa waƙa a coci."

"Mama, ko ruwa ban sha ba."

"Ruwan ba gudu zai yi ba."

Haka ake yi a layinsu. In kwanon rufi ya tsufa, ƙusa ta daina riƙo, sai a danne shi da dutse ko rabin bulo ko tsohuwar taya. Marigayi Raphael, mahaifin Felix, shi ya rufa gidan da hannunsa a shekarar da ya bar aikin jirgin ƙasa, shi ne kuma ya ɗora dutsen farko. Bayan rasuwarsa Mama Janet ta ci gaba daga inda ya tsaya. Kowace damina, inda ya motsa ta sa a ɗora dutse, inda ya nuna alamar huda ta sa a liƙe da kwalta da tsumma.

Felix ya aro tsani a gidan maƙwabciyarsu Folasade, wadda kowa ke kira Maman Segun. Ya saɓi dutsen ya hau. Rabonsa da hawa rufin tun kafin ya koma Samaru da zama, saboda haka da kansa ya leƙa sama sai ya tsaya. Duwatsu ne birjik, manya da ƙanana, da tayoyin da ruwa ya kwanta a cikinsu, har da tsohon dutsen niƙan kakarsa. Tsakiyar rufin ta lotsa kamar bayan tsohon jaki, kuma daidai saman ɗakin Mama ne.

Ya ɗora ƙafa ɗaya. Kwanon ya nutse a hankali, kamar ya taka katifa, wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya janye ƙafar da sauri. Wata ƙusa ce tsaye kusa da hannunsa, kanta a sama. Ya kama ta da yatsa biyu, ta fito ba gardama, da ɗan gari mai launin ƙasa a jikinta.

Ya sauko da dutsen a kafaɗa.

"Ka manta da shi ne?" in ji Mama. "Da shi ka hau, da shi ka sauko."

Ya ajiye dutsen. Ya nufi ɗakinta, ya tura ƙofar, ta ƙi buɗewa sai da ya sa kafaɗa.

"Tun yaushe ƙofar nan take cijewa?"

"Damina ce. Katako yana kumbura. Na ma sa an kankare min samanta bara."

Silin ɗin ya yi ciki daidai saman gadonta. A kan zanin gadon akwai irin garin nan da ya gani a jikin ƙusa. Ya shafa, ya murza a yatsunsa.

"Ƙurar titi ce," ta ce daga bayansa. "Kullum sai na kakkaɓe."

"Mama, a cikin watan Yuli? Ina ƙura?"

Ya fita ya ja keken, bai tsaya ko'ina ba sai 'yan katako a Sabon Gari. Can ya samu Obi, kafintan da aka haifa a unguwar, wanda ya yi wa rabin Jushi ƙofofi. Obi yana cin dafaffiyar masara, ya ce a bari ya gama. Felix ya ce ya taho da ita ya ci a hanya.

A gidan Obi ya taka kujera, ya ɗaga murfin silin, ya cusa kai da tocilan. Ya daɗe yana haskawa. Can ya miƙo hannu a ba shi sukundireba. Ya soka ta a jikin babban katakon da ke ɗauke da rufin, ta shige har mariƙi kamar an soka ta a burodi.

"Chineke! Wayyo Allah!" Ya sauko yana kakkaɓe gashinsa. "Gara ta gama cin abincinta, ta wanke hannu, ta tafi. Ɓawo kawai ta bar muku."

"To in na sauke duwatsun fa, Oga Obi? Nauyin ya ragu."

"Ka sauke su, iskar farko ta kai kwanon Tudun Wada. Ka bar su, su sauko da kansu ta cikin ɗaki. Ƙusa ba ta riƙe da komai a nan. Duwatsun ne ke riƙe da rufin, su ne kuma ke karya shi."

"Gyara fa?"

"Me za ka gyara? Sai dai a kwashe duka a sake katako. Wasu fallayen kwanon za su moru." Ya juya wajen Mama. "Mama, don Allah kada ki sake kwana a ɗakin nan."

Mama Janet ta gyara ɗaurin zaninta. "Obi, ina da tambaya. Rufin nan ya taɓa yoyo?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ni na sani. Ko ɗigo. Rufi in ya lalace yoyo yake yi, yaron goye ma ya san haka. Baban Felix bai iya aikin banza ba. Ku yaran yanzu, kun ga abu ya tsufa sai ku ce a tsige."

"Kwaltar da kike zubawa ce ta hana yoyon, Mama. Amma ƙasansa babu."

"To ka ga kwaltar tana aiki ke nan. Za ka sha kunu?"

Da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro, mata suna ta kwashe shanya. Felix ya tsaya a ƙofar ɗakin yana roƙo. Ya ce ta zo su zauna a gidan Maman Segun har ruwan ya wuce. Ya ce ta zo ya kai ta Samaru ta kwana a ɗakinsa, shi ya kwana a keke. Ta ɗauko faifan wake ta zauna a bakin gadon tana tsinta.

"In kana tsoro, Auta, ka fita. Ban riƙe ka ba."

Bai fita ba. Ya tsaya kusa da ita, hannunsa a buɗe kamar mai shirin cafe wani abu, ko da yake ya san in rufin ya taho hannu ba zai tare komai ba. Ruwan ya sauko da ƙarfi. A cikin rugugin yana jin wata ƙarar daban, ƙarama, irin ta tsohuwar kujera in mai ƙiba ya zauna. Wani dutse ya gangara kaɗan a sama ya tsaya. Gari ya zubo siriri a kan faifan. Mama ta hure shi ta ci gaba da tsinta, tana rera waƙar zumuntar matan coci a ƙasan maƙoshi.

Ruwan ya ɗauke. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta dubi ƙasa, ta dube shi.

"Nuna min ɗigo ɗaya."

Kwanakin da suka biyo baya Felix bai yi aikin kirki ba. Yana ɗauke da ɗalibai daga bakin jami'a amma idonsa yana gabas, wajen Sabon Gari. Gajimare kaɗan in ya haɗu sai ya rage gudu ya leƙa sama. Ya wuce da wata fasinja inda ta ce a sauke ta, ta zazzage shi da Turanci da Hausa. Wayarsa in ta yi ƙara sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, kafin ya duba ya ga ba daga Jushi ba ne. Ya kira Mama har ta gaji ta ce in ba mutuwa aka yi ba ya ƙyale ta ta yi wanki.

Ranar Litinin da yamma aka yi yayyafi a Samaru. Ya sauke fasinjoji a tsakiyar hanya, ya ba su haƙuri, ya kama hanyar gida. Ya tarar ko ɗigo ba a yi a Jushi ba. Amma ƙofar ɗakin yanzu ko da kafaɗa ba ta rufuwa, Mama ta tokare ta da turmi. A kan rufin kuma, a kusurwar nan, ga dutsen da ya sauko da shi ranar Asabar. Ta samu wanda ya ɗora mata.

Ya tsallaka gidan Maman Segun ya zauna a kan benci, ya rasa ta inda zai fara.

"Na ga fuskarka tun shekaranjiya," in ji Folasade tana jajjaga tattasai. "Ni ma na yi mata magana. Ta ce in kula da miyata."

"Gobe tana gida?"

"Gobe Talata. 'Yan zumuntar mata za su je asibitin Shika duba mara lafiya. Ita ce ma mai jan addu'a." Ta dakata da jajjagen ta dube shi. "Felix, me kake shirin yi?"

"Ɗakin Segun babu kowa tunda ya tafi Legas, ko?"

"Uwarka za ta tsine mana, ni da kai."

"Ta tsine tana da rai, Maman Segun."

Washegari, motar 'yan zumunta tana barin ƙofar coci, Felix da Obi suka shiga gidan. Suka fara da kayanta: gado, akwati, injin ɗinki, hoton Baba. Duk aka kai ɗakin Segun. Sannan Obi ya shimfiɗa dogon katako daga bango zuwa bango, ya ce duk wanda ya taka kwano ya taka kabarinsa. Shi yana sama yana miƙo duwatsu, Felix yana kan tsani yana karɓa, Folasade tana ƙasa tana faɗin "a hankali" ba tare da ta taɓa komai ba.

Sun kwashe na gefe lafiya. Da Obi ya kai hannu ga dutsen niƙan da ke tsakiya, bai ma ɗaga shi ba, jijjiga shi kawai ya yi. Wani abu ya karye a ƙasa. Kwanon ya buɗe baki, dutsen ya shige, ya fasa silin, ya daki simintin ɗakin da ƙarar da ta fito da mutanen layi daga gidajensu.

Da ƙurar ta lafa Felix ya leƙa ta taga. Dutsen yana zaune a inda kan gadon yake kafin su fitar da shi. Ya zauna a ƙasa.

"Tashi," in ji Obi daga sama. "Gabas ta fara haɗawa. Mu gama."

Ana azahar Mama Janet ta dawo cikin anko ɗin zumunta, da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ta tsaya a bakin ƙofa. Rabin gidanta ba rufi. Fallayen kwano suna jingine da bango, ruɓaɓɓun katakai a tare gefe guda, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Ba wanda ya yi mata sannu da zuwa.

Felix ya matso. "Mama, ki zo ki ga inda dutsen..."

Ta wuce shi kamar ba ta ga mutum ba. Ta shiga ɗakin, ta ɗaga kai ta dubi sararin sama, ta sunkuyar ta dubi dutsen niƙan da simintin da ya tsage. Ta daɗe a tsaye. Da ta fito idonta ya yi ja, amma ba hawaye.

"Obi."

"Na'am, Mama."

"Wa ya ba ka izinin hawa gidan mijina?"

Obi ya dubi Felix. Felix ya buɗe baki, ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwaye shi ba.

"Ban tambayi kowa ba sai Obi. Ina kayana?"

"Suna wajena, Mama," in ji Folasade. "Na share ɗakin, na shimfiɗa miki."

"Har da ke."

Ta juya. Ta tsallaka gidan Folasade, ta shiga ɗakin Segun, ta ja labule.

Iska ta taso kafin su gama ɗaure tamfol, wadda ba ta ma kai ta rufe ɗakin duka ba. Obi ya tattara gudumarsa ya ce sai da safe, in an wayi gari za su je su zaɓo katako. Maƙwabta suka watse. Ruwan ya sauko, yana zuba kai tsaye cikin ɗakin da aka haifi Felix, yana wanke bangon da Baba ya shafe da hannunsa. Felix ya tsaya a tsakar gida yana jiƙewa. Bai san ko za ta sake yi masa magana a wannan shekarar ba. Bai san ko za a gama rufin kafin ruwan Agusta ya jiƙa bangon ya zube ba. Ya dai san inda take zaune, ya kuma san abin da ke saman kanta.

Can labulen ɗakin Segun ya motsa.

"Kai! Mai rushe gidan ubansa!"

Ya ruga har yana zamewa a taɓo. "Na'am, Mama?"

"Zo ka matsar min da gadon nan, ka nemo roba. Ɗakin da ka kawo ni yoyo yake."