Kututturan Barmo

Mairamu ta ɗaga gatari ke nan za ta sauke shi a gindin wani kututturen kalgo, sai ta ji tari a bayanta. Baba Barmo ne, maƙwabcinsu, ya dogara sanda yana haki, don hawan tudun ya fi ƙarfin ƙirjinsa.

"Sari bisa, ɗiyata, ki bar saiwa," in ji shi. "Ba ta mutu ba, kwana takai."

Ta ce masa yara ba su sa komai a baki ba, 'ya'yan anzar da ta jiƙa, abincin yunwa, suna jiran wuta, kuma babu busasshen reshen da ya rage a tudun. Bai yi mata gardama ba, sai ya lallaba ya zauna a kan kututturen. Ran nan da kashin jaki ta yi girki, tana hura wuta tana faɗa ita kaɗai.

A shekarar babban fari ne, 1984. Tudun nan na bayan garinsu, a hanyar Buza, da can daji ne na geza da sabara da kalgo, inda maraƙi kan ɓace a wuni ana nema. A nan Barmo ya yi kiwo tun yana saurayi. Farin farko, na shekara goma baya, ya raba garkensa biyu, wannan na biyun ya kwashe saura, ya haɗa da matarsa Lantana. Daji ya koma fako. Maza suka watse cin rani, Ango mijin Mairamu ya nufi Abija, can bakin teku, mata suka shiga tonon saiwa don girki.

Shi kuwa tsohon kullum yana tudu. Yana jan ƙaya yana rufe kututture saboda awaki, yana baza ƙirare a kan fako wai gara ta zo ta huda ƙasa, iska ta tara iri a gindinsu. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa shi. Saboda furfurarsa kawai aka bar masa gefen tudun da yake tsaro.

Da ruwa ya dawo, kututturan suka yi toho. Sai dai kafin damina ta biyu ƙafa ta ƙi ɗaukar Barmo. Mairamu ce ke kai masa kunu, shi kuma yana tambayar ta tudu kamar mai tambayar dangi. Ta ce anza da sabara ne suka riga kowa, geza na biye. Ta ce ciyawa ta fito a ƙarƙashin ƙirarensa, kalgon nan da suka yi rigima a kai ya wuce kanta, har ta tayar da zomo a gindinsa. Da ya ji zomo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce gawo sai an yi haƙuri, shi irinsa a cikin tumbin akuya yake zuwa.

Ango ya dawo ya tarar jikin tsohon ya yi nauyi. Ya nemo amalanke don a kai shi likita a Keita, Barmo ya ce a bar shi a ɗakin da Lantana ta cika. Wata safiya Mairamu ta shiga da kunu, ya kasa haɗiya. Ya riƙe bakin zanenta.

"In na tahi za a biɗi iccen kushewa. Kar a sare na tudu domina. Yara na, ba su isa ba."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ya daina irin wannan magana. Da hantsi ya cika.

Aka yi masa wanka, aka gina kabari, sannan aka tuna babu itacen da za a jera a rufe. Tun fari garin bai da icen kirki. Wani ya ce ai ga na tudu sun kai kaurin hannu, kuma babu wanda ya fi mamacin cancanta da su. Ango ya shigo gida ya ɗauki gatari. Mairamu, wadda ba ta taɓa tare masa hanya ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa masa abin da tsohon ya ce. Daga waje liman ya aiko cewa gawa ba ta jira.

Ango ya dube ta. Sannan ya juya ya dubi rumfar tsakar gida, wadda ya kafa da hannunsa shekarar aurensu, ita kaɗai ce inuwar gidan.

"Kwashe tukwanenki," ya ce.

Ya yaye zana, ya girgiza dirkokin ya tumɓuke su, maza suka saɓa a kafaɗa suka fita. Mairamu ta ji sawunsu ya yi nisa, ta ji kabbarar liman sama-sama.

Ta zauna a kan turmi a tsakiyar rana, ƙwaryar na gefenta, kunun ya yi sanyi. Kaji suka zo inda suka saba fakewa, suka yi ta zagaya ramukan dirkokin, suna leƙawa.