Fuskar Kaka Mai Lema

Yayana ne ke gina mutum-mutumi, ni kuma nake cire masa mazubi. Shekara ashirin da biyu muna haka a shago ɗaya, shi a bakin taga inda haske yake, ni a ƙurya da sikelina da bokitaina. Idan ya gama gina abu da yumɓu, sai in kewaye shi da katako, in dama roba in zuba, in bar ta ta kama. Washegari in tsaga ta, in zare yumɓun, gurbinsa ya zauna a ciki. Daga wannan gurbi ake fitar da ɗari ko ɗari biyu, duk kama ɗaya. Yumɓun kansa ba kasafai yake fitowa lafiya ba, shi ya sa zubin sau ɗaya ne.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Yana ɓoyewa, ni ma na yi kamar ban gani ba. Na dai lura ya daina shan shayi a gabana, kuma da hantsi ya ɗaga sai ya ajiye kayan aiki ya ce haske ya yi yawa.

A wannan lokacin ne wani kamfani mai shirya wa yara zane mai motsi ya aiko wakiliyarsa. Suna son a gina musu Kaka Mai Lema, tsohuwar da ke cikin shirinsu, don a fitar da ɗari uku a sayar wa masu tara irin waɗannan kaya. Tsawonta kamu ɗaya, fuskarta ba ta fi ƙwan kaza ba. Aikin da a da Yaya zai gama a sati shida, sai da ya ci wata bakwai. Fuskar kaɗai ta ɗauki uku.

Matarsa takan kawo mana abinci da rana, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsohuwar.

"Autan Inna, kai ma ka gani da idonka. Wata bakwai ana yi wa tsohuwa gyaran fuska, ni ko madubin ɗakina da ya tsage ba a sake ba."

Na ce, "Ai taimakonki aka yi, Anti. Me za ki gani a ciki?"

"Rufe mini baki, sarkin bokiti. Kai da ko hanci ba ka iya ginawa ba."

Gaskiya ta faɗa. Ban iya ba.

Ranar da ya gama, ya kira ni taga. Na ga ayyukan Yaya tun ina saurayi, amma ban taɓa ganin irin wannan fuskar ba. Tsohuwar ta ɗan kanne ido ɗaya, bakinta a karkace kamar ta kama ka da ƙarya amma ta yanke shawarar ƙyale ka. Ya juya ta a hankali da hannun hagu.

"Daga wannan na gama, Auta," ya ce. "Ka zuba mata da kyau."

Kamfanin ya aiko da robarsa, ba irin wadda na saba ba. Garau take kamar ruwa, kuma ko zanen yatsa tana ɗauka. Wakiliyar ta ja mini kunne cewa robar tana da tsirfa: ba ta shiri da farar wuta, ko kaɗan ne a jikin abu ba za ta kama ba. Na ce kada ta damu, yumɓun da muke saye yanzu babu farar wuta a cikinsa. Duk da haka na ɗauki guntu a kan teburin Yaya, na ɗiga masa robar, na bar shi ya kwana. Da safe ta kama tamau, ta ɓare ba gardama.

Na kafa katako, na toshe kowace kafa, na auna, na dama. Na zuba daga kusurwa siriri kamar zare don kada iska ta shiga. Robar ta hau ƙafafu, ta hau riga, ta rufe kafaɗa. Yaya yana tsaye har ta shanye kan, sannan ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari na taɓa saman, ya yi tauri yadda ake so. Na cire katakon, na sa wuƙa daga ƙasa. Takalman sun fito har da ɗinkinsu. Rigar ta fito da kowace tattara. Yatsun da ke riƙe da lema, har farce. Ina kaiwa wuya sai wuƙar ta yi nauyi. Na zaro ta, na ga wani abu yana bin ta yana ja kamar ƙaro.

Na buɗe a hankali. Daga haɓa zuwa goshi robar ba ta kama ba. Ta zama wani kauri mai danƙo, ta manne da yumɓun, ta jiƙa shi. Da na ɗaga gefe ɗaya, fatar idon da aka kanne ta biyo ta.

Yaya ya matso, ya daɗe yana kallo.

"Na gwada," na ce. "Wallahi na gwada, Yaya. Ga guntun nan, duba."

"Na sani."

Ya miƙa hannu saman kantar shagon ya sauko da wani tsohon gwangwani da na manta da shi. Yumɓun da muke amfani da shi tun farkon buɗe shago ne, mai laushi, mai ɗan wari kamar ashana, warin farar wuta.

"Sabon ya yi mini tauri," ya ce. "Idan na danna shi, hannun sai ya ƙwace. Wannan kuwa shafa kawai yake so. Da shi na yi fuskar."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da na shafa mata abin da zai raba su."

Ya mayar da gwangwanin inda ya ɗauko shi. Na san amsar. Da ya faɗa, da sai ya faɗi dalili.

Na wuni da buroshi mai laushi ina ƙoƙarin ɗauke danƙon. Duk inda na goge, sai tamojin tsohuwar ya tafi tare da shi. Kafin la'asar abin da ya rage dunƙule ne mai hanci.

Anti ta zo da kwanuka, ta buɗe baki za ta tsokane ni, ta ga teburin, ta ajiye su ta koma.

Wakiliyar ta ba mu sati uku a sake gina fuskar. Yaya ya zauna a taga da sabon yumɓu, na riƙa ɗumama masa shi a kan murfin tukunyar ruwan zafi don ya yi laushi. Yakan fitar da kumatu, ya fitar da goshi, sai ya zo kan ido tsinken da yake zane da shi ya zame ya tsaga kunci. Ya shafe, ya sake. Rana ta goma ya ce in zo in riƙe masa wuyan hannu. Na riƙe da hannu biyu. Rawar ta tsaya, amma layin da ya ja ya fito a miƙe sambal, ba rai a ciki.

"Sake ni," ya ce. "Wannan hannunka ne, ba nawa ba."

Ya tura mini tsinken. "To kai gwada. Shekara nawa kana kallo?"

Na gwada don kada in ƙi. Abin da na yi ya fi kama da dankali. A da zai yi dariya har ya share hawaye. Wannan karon ya karɓa ya murƙushe shi a tafin hannu.

Da wa'adin ya cika wakiliyar ta zo. Mace ce mai kirki, ta zauna a kan bokiti ba ta damu da rigarta ba. Ta duba jikin da na fitar don gwaji, ta shafa tattarar rigar da yatsa.

"Baba, jikin nan babu mai iya yin irinsa. Za mu karɓa. Kan kuma akwai wanda zai zana mana a kwamfuta daga hotunan da na ɗauka, inji ya fitar, a ɗora."

"Hoton gaba kawai kika ɗauka," in ji Yaya.

"Zai cike sauran."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko ta sha ruwa, ya raka ta har bakin titi.

Da ya dawo ya tsaya a kan mazubin, ya buɗe ƙasansa. A ƙarƙashin takalmin hagu akwai sunansa da ya rubuta da allura, ya fito a robar a juye.

"Kankare wannan kafin ka fara zubi."

"Yaya, jikin ai naka ne."

"Ba wanda ke sayen tsohuwa don takalminta. Kankare."

Na ɗauko reza. Haruffa biyar ne, ƙanana, robar kuma mai kyau ce, ta yanku ba wahala. Ya tsaya har na gama, ya shafa wurin da babban yatsa ya ji ya yi sumul. Sannan ya ce in matsar da sikelina bakin taga, tunda ni ne mai sauran aiki.